Sunan Kakanmu a Jikin Balo

A garinmu, wanda yake ajiye balo, wato ƙwallo, shi ne shugaban ekip, ƙungiyar ƴan wasa, ko an zaɓe shi ko ba a zaɓe shi ba. Ba mu da buro, wato ofis, ba mu da hatimi. Balo ɗaya ne, kuma duk wanda balon yake kwana a ɗakinsa, a ƙofarsa samari suke taruwa bayan la'asar. Idan ya ce yau babu wasa, to babu. Ranar da za a kara da wani gari kuwa, shi yake shiga gaba da balo a hammata, ƴan wasa na biye da shi, mata na leƙe ta kan darni. Shekara da shekaru ni ne wannan mutumin, kuma ina jin daɗin abin fiye da yadda ya dace da mai koyarwa a lakol, makarantar boko.

Garin namu ƙarami ne, yana gefen hanyar da ta tashi daga Gazawa ta nufi iyaka. Filin wasanmu gonar mutane ce. Sai an gama girbi mu tumɓuke kututturen gero, mu share ƙarangiya, mu kafa itace biyu a kowane gefe. Balon da nake ajiyewa ya ga duniya. Ƙaya ta huda shi ta ko'ina, na yi ta kai shi ɗinki har baduku ya koma tambayar lafiyarsa kafin ya tambayi tawa. Ni nake yi masa faci, ni nake ba shi iska da famfon kekena, ni nake shafa masa man kaɗe don kada fatar ta tsage. Mummuna ne, na sani, amma a hannuna yake.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, sa'ana ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka a wasanmu na gado ni ne ubangida shi ne bawa. Sai dai wannan bautar ta baki ce kawai. Abin da take nufi a zahiri shi ne yana da damar ya faɗa mini duk abin da ya ga dama a gaban kowa, ni kuma in haɗiye in yi dariya, don wanda ya yi fushi da taubashinsa shi ake mayarwa abin dariya. Tun muna yara ya gudu daga lakol ya kama fatauci. Yana tsallaka iyaka da wake da riɗi, ya dawo da kaya a bayan moto. Balo kuwa bai taɓa iyawa ba. Ƙafarsa ta dama da ta hagu ba su taɓa shiri da juna ba, ko a raga muka sa shi sai ya kauce wa balo kamar an jefo masa garwashi.

Wata ranar kasuwa bayan girbi muna zaune a fadarmu ta shayi, sai ga shi da buhu ɗaure a bayan moto da kwali a kan cinya. Ya ce a can birni ya samu masu yi wa ƙungiyoyi da makarantu balo yadda suke so: ka zaɓi launi, ka faɗi abin da za a rubuta, su buga maka. Ya kwance buhun, balo-balo masu ruwan ɗorawa suka gangaro, masu kaurin fata, ya ce waɗannan na atisaye ne, an yi su don rairayi da ƙaya. Sannan ya buɗe kwalin a hankali, yana kallon fuskokinmu. Balon ranar wasa ne, fari tas da ratsin kore, an zana zangarniyar gero a jikinsa, a ƙarƙashinta kuma sunan garinmu da manyan baƙaƙe.

Samari suka matso. Wanda zai taɓa sai ya fara goge hannu a wando. Da ya zo hannuna na juya shi, na sake juyawa, ina neman aibu. Na duba rubutun ko an tsallake wani harafi, na danna shi ko iska ta yi yawa, na bi ɗinkin da farce. Ban samu komai ba. Abin da yake damuna kuwa na san sunansa, hassada ce.

"Ubangida," in ji taubashina, "ga buhu nan, kai ka saba da wahala. Wanga hwarin kuwa ɗakina za shi kwana, kada ka je ka shahe shi da man kaɗe."

Aka fashe da dariya. Ni ma na buɗe haƙora.

Bai tsaya nan ba. Garinmu, kamar yawancin garuruwan yankin, sunan wanda ya sare dajin ya haƙa rijiyar farko yake ɗauke da shi, Gidan wane. Wannan wanen kakanmu ne ni da shi, kuma sunansa aka raɗa mini. Sai taubashina ya ɗaga balon ya nuna rubutun, ya ce, "Kun gani, sunan Mushe na sa aka buga, don yara su samu abin harbi." Ni yake nufi, don Mushe ake kiran mai koyarwa a wajenmu. Wannan karon har mai dafa shayi sai da ya ajiye buta ya riƙe ciki.

Daga ranar ƙofar gidana ta yi sanyi. Samari suka koma taruwa a ƙofarsa, ya fito musu da farin balo su kalla, su ɗauki hoto da shi a waya, ya mayar cikin kwali, sannan su taho wurina a ɗauki buhu a tafi fili. Ni ne mai busa usur, ni ne mai tsawa, ni ne mai tattara balo idan rana ta faɗi. Kuma abin haushi, balo-balon buhun nan masu kyau ne. Ƙaya ba ta cin su, ba sa sacewa, famfona ya huta. Na kai wasu lakol, direkta, shugaban makarantar, ya tara yara ya ce su yi wa wanda ya kawo addu'a, na tsaya a gefe na shafa tare da su. Tsohon balona na tura shi ƙarƙashin gado don kada in riƙa haɗa ido da shi.

Maiɗakina ta lura tuwo yana dawowa da saura. Ta ce, "Mushe, balo ne hwa, ba rawani ba." Na ce mata ciwon kai ne yake damuna. Ta ce Allah ya sawwaƙe, da irin muryar da ta nuna ta san inda kan yake ciwo.

Aka sa ranar wasa da samarin wani gari na kusa da Gazawa, kuma aka ce ranar ce za a fara taɓa farin balo da ƙafa. Taubashina ya kai ɗinkin sabuwar shadda. Kowa ya san dalili: shi zai shiga gaba. Mutumin da bai san inda ake tsayawa a buga kwana ba, shi zai ratsa gari da balo a hammata, ni kuma in biyo baya da usur a wuya. 

Gwaggona, mahaifiyarsa, ita kaɗai ta rage cikin ƴaƴan kakanmu. Ta tsufa sosai, idonta ya yi rauni, amma kunnenta da bakinta garau suke. A rayuwarta ba ta taɓa furta sunan mahaifinta ba. Garin ma "garin baba" take cewa, ni kuma da nake ɗauke da sunan, "Babana" take kirana tun ina cikin zane. Ranar Juma'ar da ta gabaci wasan na shiga gaishe ta kamar yadda na saba, sai ga taubashina ya shigo da kwalinsa, zai nuna wa tsohuwa abin da ya yi wa gari.

Ta karɓa, ta shafa, ta kawo shi kusa da ido. Ta ce, "Wanga baƙi-baƙin hwa, mi ne ne?"

Ya gyara murya ya karanta mata sunan garin, tiryan-tiryan, har da ƙarfafa na ƙarshen.

Gwaggo ta sake shafa balon. Can ta ce, "To mi za a yi da shi?"

"Wasa, Inna."

"Da hannu?"

"Da ƙahwa, Inna. Balo ne."

Ta ɗora tafin hannunta a kan rubutun ta rufe shi. Ta ce, "Sunan da ban taɓa buɗe baki na hwaɗa ba, shi za ku jehwa ƙasa, ƙattin wani gari su bi shi da dundunniya cikin kashin awaki? Ina raye?"

Taubashina ya shiga bayani. Ya ce ai haka manyan ƙungiyoyi suke yi, duk wanda yake kallon wasa a tele ya sani, kowa da sunansa a jikin balonsa. Ta ce, "Su ma sunan ubansu ne?"  Ya juyo gare ni, karo na farko da na ga roƙo a idonsa, ya ce, "Mushe, kai ka yi karatu, yi mata bayani mana."

Na sunkuyar da kai cikin ladabi na ce, "Ai Gwaggo ta hi mu sani."

Ta ja balon ta sa a bayanta, maganar ta ƙare. A garin nan babu wanda zai shiga ɗakin gwaggo ya ɗauko abin da ta ajiye, ko maigari. Na fito ina taka ƙasa a hankali don kada a ga rawar da ke cikin ƙafata. Ranar na cinye tuwona har na nemi ƙari.

Ranar wasa na zaɓi wanda ya fi tsabta cikin buhu, na wanke shi, na sa a hammata, na shiga gaba. Taubashina yana can baya cikin sabuwar shadda, hannu rabbana. Na waiwaya na ce, "Bawa, ina balon naka? Ko in ba ka usur ka riƙe mini?" Samari suka yi dariya, shi ma ya yi, dariyar gaske, har da tafa mini. Wannan ya ɗan rage mini daɗi, don na so in ga ya ji ciwo ko kaɗan.

Muna ratsa gari na lura darnukan babu kowa. Matan da suka saba leƙe ba su nan. Wata tsohuwa da muka ci karo da ita ko kallon hammatata ba ta yi ba, ta ce, "Ku ba ni hanya, gidan gwaggonku za ni in ga sunan Malam kakanku." Na ce a raina ai na yau ne kawai.

Wasan ya yi kyau. Yarana sun saba da balon, baƙi ba su saba ba, muka ci su. Da aka tashi na tsaya ina jiran a rako ni gida da waƙa kamar yadda ake yi, sai mai tsaron ragarmu ya ce, "Mu tahi mu gaya wa Gwaggo." Kafin in buɗe baki duk sun juya. Na bi su, balo a hammata, wannan karon ni ne a baya.

Tsakar gidan gwaggo cike yake. An shimfiɗa tabarmi, tsofaffin da suka san kakanmu suna zaune, wani yana ba da labarin yadda aka haƙa rijiya, wani yana gyara masa. Gwaggo tana tsakiya, farin balo a cikin sabuwar ƙwarya a gabanta, an shimfiɗa masa ɗan ƙyalle. Samari suka gaya mata an ci, ta ce madalla, ba ta ko tambayi da nawa ba. Sai ta ɗaga kai tana lalube da ido.

"Ina Babana?"

Na matso na durƙusa.

"Kai ka san baƙaƙen nan. Kama yatsana ka nuna mini inda ya hwara."

Na kama yatsanta, busasshe, mara nauyi, na ɗora a kan harafin farko na sunan, na bi da shi har ƙarshe. Bakinta yana motsi, amma ba ta furta ba. Ta ce wa tsofaffin, "Kabarinsa ma ya ɓace mana, ruwa ya shahe wurin. Tun da ya tahi, ban taɓa samun wani abu da zan ɗora hannu in ce ga shi nan ba."

Sannan ta yi abin da ban taɓa gani ba. Taubashina ɗan farinta ne, kuma saboda kunyar ɗan fari ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ko kallonsa sosai ba ta yi a gaban mutane. Ranar ta juya ta dube shi ido da ido ta ce, "Ɗan nan, Allah shi yi ma albarka. Allah shi ba ka masu tuna ka." Tsakar gida ta amsa da amin. Ya durƙusa cikin shaddarsa yana share ido, bai ko tuna da ni ba balle ya tsokane ni.

Sunan nan nawa ne. Kullum da safe ni nake rubuta shi da alli a saman allo, cikin sunan gari, kafin a tashi wani yaro ya goge. Amma ga shi wanda ya gudu daga lakol ne ya kawo mata shi ta riƙe, ni kuma aikina in nuna mata inda ya fara. Na ce amin tare da jama'a, kuma ban taɓa jin kalmar ta yi mini nauyi a baki kamar ranar ba.

"Babana," in ji gwaggo, "sake nuna mini."

Na sa hannu biyu na tallafe hannunta. Balon da ke hammatata ya suɓuce, ya gangara ta tsakanin ƙafafun mutane har ƙarƙashin rumbu. Babu wanda ya tashi ya ɗauko shi.