Sunan da Aka Raɗa Mini da Yatsu Biyu

A shekarun da masaƙun Bompai ke cika da ma'aikata har ƙofa ba ta ɗaukar kekuna, na baro ƙauyenmu da ke ƙasar Kano na shigo birni da kaya kala biyu da littattafan soyayya guda huɗu a ƙunshe cikin leda. Wani ɗan garinmu da ke zaune a Hotoro ya ba ni gefen tabarma, ya kuma yi mini hanya aka ɗauke ni gwajin wata uku a wata masaƙa. In aikina ya yi kyau a tabbatar da ni. In bai yi ba in koma in ɗauki fartanya, bayan na riga na yi wa kowa sallama irin ta wanda ba zai dawo ba sai da keke da agogo.

Ranar da na fara shiga ɗakin injina na ɗauka kunnena ya fashe. Injinan saƙa ne jere-jere, kowanne na buga tasa, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa. Kowa ya toshe kunne da auduga. Ko ka kai baki kunnen mutum ka yi ihu, sai dai ya ga leɓenka na motsi. Shi ya sa mutanen ɗakin suka yi wa kansu yare na hannu da fuska. In zare ya tsinke maka a inji biyu lokaci guda, ka ɗaga tafi sama, maƙwabcinka ya zo ya ɗaure maka ɗaya. In an shafa goshi, lokacin salla ya yi. Har suna kowa yana da shi. Foman, saboda yawan duba agogo, sunansa taɓa wuyan hannu. Wani dattijo Badamagare da injinansa ke fuskantar nawa, wanda kowa ke kira Baba, sunansa shafa gemu.

Yaren nan ya ɗauke mini hankali. Na riƙa rubuta alamomin a bangon bayan littafina, ina fassara su ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya ce ta gagare ni: mutum ya sa yatsu biyu ya matse girarsa wuri guda, sannan ya kau da kai gefe. Da farko na ce ciwon kai ne. Sai na ga masu yin ta lafiyarsu ƙalau. Na ce to ƙila inji ne ke neman mai. Daga baya na lura an fi yin ta da safe idan na shigo, sai na yanke cewa gaisuwa ce ta tsofaffin ma'aikata. Wata safiya ma na yi wa wani ita cikin ladabi. Mutumin ya yi dariya har ya dafa inji.

A littattafan da nake karantawa kuwa, saurayin kirki ba ya yawan fara'a. Yana tsaye ne shi kaɗai, ya haɗe gira, ido na kallon nesa, 'yan mata na ta wahala a kansa. Ni ma haka nake tsayawa. Ƙarar injina ta zame mini ɗaki mai ƙofa. A cikinta nake tsara wasiƙu zuwa ga wata budurwa da ban taɓa gani ba, amma na ba ta wushirya da gida a Dorayi. Kafin in kai ƙarshen wasiƙa zare ya tsinke, inji ya ci gaba da saƙa rami a yadi. Kuma ban taɓa ɗaga tafi ba, don ban taɓa karanta inda jarumi ya nemi agaji ba.

Saura mako biyu gwajina ya ƙare, foman ya tare ni a waje bayan an tashi. Ya ware wani yadi ya nuna mini ramukan da yatsa.

"Wannan naka ne. In aka ƙara kawo mini irinsa, ka fara ɗaure kayanka. Kuma ka sani, ba ni kaɗai ke yanke hukunci ba. Mutanen layinka nake tambaya."

Washegari da hutun rana na sami Baba a gindin darbejiya yana cin rogo da ƙuli. Na tsuguna na gaishe shi. Maimakon in faɗi damuwata, sai na ji bakina na tambayar abin da ya daɗe yana ci mini rai.

"Baba, don Allah wannan fa, me take nufi?" Na matse gira na kau da kai.

Rogo ya kusa sarƙe shi. Sai da ya sha ruwa ya ce, "Kai Bakano! Wata biyu da rabi ana kiranka ba ka amsa ba?"

"Ni, Baba?"

"A'a, ni. Sunanka ne, ɗan nan."

"Amma ai ni ban taɓa ɓata wa kowa rai ba."

"Da wane bakin za ka ɓata? A ɗakin can ba mai baki. Taso."

Ya ja ni wurin kekensa, ya karkato madubin ya saita fuskata. "To, tsaya yadda kake tsayawa a kan inji. Yi tunanin da kake yi ɗin nan, ko ma na mene ne."

Na kira mai wushirya a raina, na soma wasiƙa. Sannan na duba. A madubin ban ga jarumi ba. Wani yaro na gani mai kama da wanda aka ci wa tuwo, yana jiran ya ga wanda zai tanka masa ya rufe shi da faɗa.

"Ranar da ka zo," in ji Baba, "zarenka ya tsinke, na taso zan ɗaure maka. Ka dube ni da wannan fuskar ka juya kai. Na ce to, ɗan sarki ne, a bar shi da mulkinsa."

"Wallahi ban gan ku ba, Baba."

"Shi ne ai. Ba ka ganin kowa, kowa yana ganinka."

Washegari na shiga da haƙora a waje tun daga ƙofa. Na yi ta yaƙe har kumatuna suka yi tsami. Baba ya hango ni ya taɓa goshinsa da bayan hannu, wato ko zazzaɓi nake yi. Da muka fito salla ya ce, "Rufe bakin nan kar auduga ta shiga. Ba haƙori aka ce ka nuna ba. Ka dubi mutane kawai."

Sai na fara duban mutane, kuma abin mamaki, sun fi littattafan nawa labari. Na gane mutumin da ke hagu da ni kafaɗarsa ke fara ɗagawa kafin ya ɗaga tafi. Na gane Baba yana cije leɓe idan bayansa ya motsa masa. Na gane ni kaina ina jin girata tana haɗuwa daidai lokacin da hankalina ke shirin tafiya Dorayi, sai in sake ta in dawo kan zare. Rannan na ga kafaɗar na hagu ta ɗaga, na isa injinsa kafin tafinsa ya kai sama. Ya dube ni kamar ya ga bango ya yi tafiya. Bayan kwana biyu nawa zaren ya tsinke wuri biyu. Hannuna ya yi mini nauyi kamar turmi, amma na ɗaga shi. Mutum uku suka taso.

Ranar ƙarshe foman ya shigo layinmu da hantsi. Ya tsaya gaban Baba, ya matse gira da yatsu biyu, ya buɗe tafi alamar tambaya. Baba ya daɗe yana shafa gemu, don dai ya ja mini rai, sannan ya gyaɗa kai. Na hagu ma ya gyaɗa. Foman ya ƙaraso ya shafa yadina tun daga sama har ƙasa, ya dafa injin, ya nuna ni, ya nuna ƙasa sau biyu. Wannan ban buƙaci duba bangon littafi ba: an tabbatar da ni.

Suna ba ya canjawa a ɗakin injina. Har na bar masaƙar nan da yatsu biyu a gira ake kirana. Sai dai tun daga makon nan ban ƙara ganin wanda ya haɗa da kau da kai ba, ni kuma duk inda aka yi ta sai in ɗago in amsa.