Shingen da Na Yi wa Garkar Inna

Ko na tsufa har na manta sunayen jikokina, ba zan manta da ranar da Inna ta fasa ɗan kaɗa guda a tafin hannunta ba. Kaɗa ita ce auduga a bakinmu na Adar. Tun ina yaro nake jin manya na cewa wane tsutsar kaɗa ne, in suna nufin mutumin da ke ɓarna daga cikin gida alhali fuskarsa fes. Ni ma na sha faɗa a kan wasu, ina jin daɗin bakina, ban taɓa ganin tsutsar da idona ba.

Shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa ce. Ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Tawa, albashi ya yi wata da watanni bai zo ba, yau yajin aiki gobe zanga-zanga. Inna kuwa tana ƙauyenmu wajen Kalfu, da 'yar garkarta a bakin fadama inda take shuka kaɗa. Ba ta sayarwa ba ce. Zaren likkafaninta take kaɗi. Ta rantse ba za a naɗe ta da yadin kasuwa ba, sai farin da ta kaɗa da hannunta, kamar yadda aka yi wa tata uwar. Shekara uku tana tara zare, tsohon masaƙin garinmu ya auna ya ce saura na damina ɗaya ya cika. Ga idonta ya fara hazo.

Da aka gama tsinkar kaɗa a shekarar, ciwon ƙirji ya kwantar da ita, na ɗauko ta zuwa Tawa wurin likita. Tana kwance ta kira ni. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai ta ce Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, rabi girmamawa rabi tsiya.

"Mushe, ka tahi ka tuge icen kaɗa duka, ka tara ka sa mai wuta. Kak ka bar ko ɗaya, baƙuwa na kwana ciki."

Na ce, "Wace baƙuwa kuma, Inna?"

Ta ce, "Kai dai ƙone."

Na tafi, na tuge, na tara. Sai na tsaya ina kallon tarin ice mai ƙwari, a shekarar da ko itacen tuwo sai an yi ciniki, ga awaki sun rusa shingen garkar. Na ce a raina, tsofaffi dai da camfi! Wace baƙuwa ce za ta kwana a busasshen ice? Kwana biyu na yi ina kafa shi, har da busassun 'ya'yan da suka rage a jiki, na zagaye garkar kaf da sabon shinge. Wallahi har ja da baya na yi ina yaba wa kaina. Da na koma ta tambaye ni, "Ka ƙone?" Na ce na ƙone. Ko ƙifta ido ban yi ba.

Ta samu sauƙi ta koma gida, ruwa ya sauka, ta shuka. Idonta ba ya rarrabe ice da ice daga nesa, maƙwabta kuma suka ɗauka ita ta sa ni, babu wanda ya ce uffan. Kaɗa ta tashi kore shar, ta yi fure, ta yi 'ya'ya jingim. Duk wanda ya zo Tawa daga ƙauye sai ya ce mini bana garkar tsohuwa ta yi kyau.

Da kaka na zo taya ta tsinka. Muka shiga da safe, ina riƙe da ƙwarya. Na lura 'ya'yan ba su buɗe sosai ba, sun ɗan tsage sun tsaya, amma ban kawo komai ba. Inna ta laluba ta tsinko ɗaya, ta matsa, ta kai hanci. Sai na ga fuskarta ta sauya. Ta sa farce ta fasa, ta miƙo mini.

"Mi ka gani?"

Innalillahi! Inda ya kamata in ga fari tas, sai baƙin dagwalo mai wari, da wata 'yar tsutsa ja-ja tana murɗawa cikin gurya. Na jefar da ƙwaryar na fasa wani. Haka. Na ruga ƙarshen garka na fasa wani, biyu ne a ciki. Na yi ta fasawa kamar wanda ya taɓu, daga waje kowanne lafiya lau, ciki an cinye.

Ita ba ta bi ni ba. Ta taka a hankali har bakin shinge ta dafa don ta huta. Na ga yatsunta sun tsaya. Suka bi icen sama, suka sauko, suka kamo wani busasshen ɗan kaɗa na bara da ƙaramar huda a jikinsa. Ta daɗe tana murza shi.

"Mushe, wanga icen mi na?"

Ni da nake tsawata wa yara sittin a aji, na tsaya kaina a ƙasa.

"Nan baƙuwar ta kwan rani," in ji ta. "Ka yi mata ɗaki, ka zagaye ni da ita." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da na ji sanyi. Sai kawai ta ce, "Da ka ce mini ba ka ƙone ba, da ko da rarrahe na zo na ƙone."

Abin da muka tsinta mai kyau bai cika ƙwarya biyu ba. A ranar na cinna wa shingen wuta, na yi mata alkawarin baɗi zan shuka da kaina. Ta ce Allah shi kai mu. Bai kai ta ba. Kafin ruwan fari ciwon ya dawo, ta cika.

Masaƙin ya riga ya saƙa abin da ke akwai, aka gwada, bai kai ba. Ni aka aika wurin mai tebur na yanko yadi aka ɗinka a ƙarshen. Da muka sa ta a kabari ni ne a wajen ƙafafu. Daga kai har gwiwa farin hannunta ne, mai kauri, mai ɗan duhu. Daga gwiwa zuwa ƙasa yadin kasuwa, sai sheƙi yake a hannuna. Babu wanda ya san dalili sai ni.

Tun daga ranar ban sake kiran kowa tsutsar kaɗa ba, don na san wanda sunan ya fi dacewa da shi. Kuma in babba ya sa ni abin da ban gane ba, ko dai in yi, ko in buɗe baki in ce ban yi ba tun da sauran lokacin gyara. Ƙin ƙonewa kuskure ne, ana iya gyara shi. "Na ƙone" ɗin nan ita ta cinye likkafanin uwata.