Yasmin, Baƙuwar da Ta Ji Tsoron Ranar Yaye

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na shekarar 2025, ana tsakiyar karyar masara, Allah Ya karɓi ran Yasmin, matar Aƙilu malamin gona, a wani asibiti a Funtua, bayan gajeriyar jinyar zazzaɓi. An yi mata sutura bayan la'asar a maƙabartar ƙauyenmu, Unguwar Maitama ta ƙasar Bakori, nesa ƙwarai da duwatsun arewacin Fakistan inda aka yanke mata cibiya.

'Yata, ba ni na haife ki ba, amma ni aka ba wa ke. Sa'ad da Aƙilu ya gama karatu a ƙasarku ya dawo da ke, mahaifinsa Alhaji Abdulmutallib ya ce bai kamata mace ta zauna a gari ba ta da gidan uban da za ta kai kuka ba. Ya zaɓe ni saboda aikin koyarwa da na yi ya bar mini Turancin da za mu fahimci juna. Ranar da aka kawo ki gaishe ni, don tsoro har ruwan da aka miƙa miki sai da ya zube a tabarma.

Ban taɓa ganin wanda gari ya firgita kamarki ba. Ruwan farkon damina da ya sauka bisa kwanon ɗakinki, cewa kika yi jifan gidan ake yi. Kin ji tsoron ƙadangare, kin ji tsoron rijiya, kin ji tsoron bindigar 'yan sintiri ko da gwaji suke yi. Shekarun kuwa ba na kwanciyar hankali ba ne. Labarin masu ɗauke mutane a hanya yana zuwa daga ƙauyukan yamma, kuma kowa ya san farar baƙuwa ba ta ɓuya. Saboda haka ba ki cika wuce zaure ba. Mata suka laƙaba miki 'Yar Indiya, kina gyara musu kullum, suna ce miki ai duk ɗaya ne. Duk da haka kin koyi tuƙin tuwon dawa, kin koyi doguwar gaisuwarmu har da tambayar gajiya da iyali da ruwa, kuma babu jaririn da aka haifa a unguwar da ba ki ɗinka masa riga da hannunki ba.

Da cikinki ya tsufa aka kawo ki gidana, domin a wurinmu haihuwar fari a gaban iyaye ake yin ta. A nan kika haifi Maijidda. Da kika ga Inna, mai ɗakina, ta sauke tukunyar tafasasshen ruwa ta ɗauko ganye za ta yi miki wankan jego, ihun da kika yi sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Inna ta riƙe ƙugu ta ce, "To, ni ce zan dafa ki? Ki tambayi Malam, 'ya'yansa mata duk ta hannuna suka bi, ga su can da ƙafafunsu." Sai da ta zuba ruwan a nata hannun kika yarda.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babban tsoron yana gaba.

Kin lura mijinki ba ya ɗaukar Maijidda a gaban iyayensa, ba ya kiran sunanta, in ta rarrafo wurinsa sai ya kawar da kai. Mu a wurinmu wannan kunyar ɗan fari ce, alamar an yi wa mutum tarbiyya, har yabonsa ake yi. Ke kuwa abin da kika gani shi ne uba ba ya son 'yarsa don ta zo mace. Ba ki gaya wa kowa ba. Kuma wannan kunyar ce ta rufe wa Aƙilu baki a kan wata magana: tun kafin a haifi yarinyar, Alhaji ya yi wa ƙanwarsa Shafa'atu, wadda ke zaune a Tsiga kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, alkawarin riƙon ɗan farin Aƙilu daga ranar yaye. Ɗa ba ya musu da uba a kan ɗansa na fari. Kowa a gidan ya sani, kowa kuma ya ɗauka wani ya gaya miki.

Ranar yaye da safe kina bayan ɗaki kina wanki, Gwaggo Shafa'atu ta goya yarinyar, ta hau babur, aka wuce da su Tsiga. An yi haka ne don tausayinki, wai kada ki ji kukan rabuwa. Da kika fito ba ki gan ta ba, kika tambaya, matan gidan suka yi dariya suka ce, "Ai ta tafi." A garin da ake ɗauke mutane, wannan kalma aka gaya wa uwar da Hausarta ba ta nuna ba. Ke da ba ki wuce zaure, kika ratsa gari ba takalmi, mayafi a hannu, kika faɗo gidana. Kin kasa Turancin, kin kasa Hausar, sai harshenku kike yi kina nuna bayanki inda kike goya ta. Har gobe ban manta fuskarki a ranar ba.

Muka tafi Tsiga tare. Muka tarar da Shafa'atu ta ɗora yarinyar a cinya tana ba ta kunu. Da na yi mata bayani, ta ɗaure fuska ta ce, "Malam, 'yar ɗan yayana ce fa. Ni ma a hannun gwaggota na tashi, me ya same ni? Ko don ni ban haifa ba ake ganin ban iya ba?" Kika durƙusa a gabanta kika haɗa 'yan kalmomin da kike da su: "Gwaggo, ke kina da gari duka. Ni ita kaɗai." Shafa'atu ta ajiye kunun. Daga baya ta ce in yarinya ta manta nono za a mayar da ita, amma alkawari yana nan, sai ta yi wayo.

An mayar da ita, amma wannan "sai ta yi wayo" ta zauna miki a ƙirji. Duk ranar da babur ya tsaya a ƙofar gida sai ki janyo yarinyar jikinki. Duk sallah, in Shafa'atu ta zo da kayan sallar Maijidda, kina yi mata hidima fiye da kowa, kina kallon bakinta ko yau za ta faɗa. Na sha gaya miki ki kwantar da hankali, ki ce, "To, Baba," idonki kuwa bai yarda ba. Amma ba ki taɓa hana yarinyar sabo da ita ba. Ke kike koya mata ta durƙusa ta ce Gwaggo ina kwana, kuma da Shafa'atu ta kwanta ciwon ƙafa, ke kika dafa abin da aka riƙa kai mata Tsiga, duk da tsoron hanyar da kike yi.

Da na je duba ki a asibiti zazzaɓin ya riga ya ci ƙarfinki. Ba ki tambaye ni ko za ki tashi ba. Cewa kika yi, "Baba, yanzu za su tafi da ita ko? Kada a fitar da ita daga ɗakinta. Tana jin tsoron baƙon wuri." Na ce miki in Allah Ya so ba za a fitar da ita ba. Na faɗa, na fito ina jin tsoron abin da na ɗauka, domin ni uban aro ne, ba ni da iko a kan jikar wani, kuma yanzu al'ada da hankali duka sun koma bayan Shafa'atu: ga marainiya, ga mai riƙo da aka yi wa alkawari.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, Alhaji ya tara mu a zaurensa. Ya ce lokaci ya yi, a haɗa wa yarinya kayanta. Aƙilu ya sunkuyar da kai. Na isar da saƙonki kamar yadda kika ba ni. Sai muka ji muryar Shafa'atu daga bakin ƙofar cikin gida: "Yaya, na taɓa ɗauke yarinyar nan a bayan idon uwarta, na ga abin da ya biyo baya. Yau ma ba ta nan. Ba zan sake ba. Ku aika Tsiga a kwaso mini nawa kayan." Alhaji ya ce, "Da gidanki da gonarki?" Ta ce, "Gona ba ta kuka."

A yau da nake wannan rubutu Shafa'atu tana ɗakinki, Maijidda tana kwana a shimfiɗar da ta saba. Har yanzu yarinyar takan tsaya a bakin zaure tana duban hanyar Funtua, kuma babu wanda ya sami ƙarfin zuciyar ce mata ta daina.

Ya Allah, baiwarKa Yasmin ta zo mana baƙuwa, ta koma gare Ka baƙuwa. Ka amintar da ita daga firgicin kabari da firgicin ranar tsayuwa, Ka yalwata makwancinta, Ka gafarta mata, Ka sa zazzaɓin da ta sha ya zama kankarar zunubi, Ka saukar da ita a Aljanna Firdausi inda babu tsoro babu baƙin ciki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Aƙilu, da Alhaji Abdulmutallib da iyalansa, da Inna wadda ta yi mata wankan jego ta kuma yi mata wankan ƙarshe, da mahaifiyarta da ta ji labari ta waya ba ta ga kabarin ba. Allah Ya ba Shafa'atu lafiya da tsawon rai, Ya raya Maijidda bisa imani, Ya sa mu ma mu cika da kyau. Amin.

Malam Ummaru Isah
Unguwar Maitama, Bakori