Sandar da Aka Jingine Kai Ƙasa

Maigidana ɗan fatake ne, kuma abin da ya gada a wajen ubansa bai wuce sanda ba. Ta kanya ce, ta kai masa kafaɗa, kanta ya yi sulɓi saboda gumin hannu, gindinta kuwa an ɗaura masa zoben ƙarfe. Da ita uban ya yi ta kai goro daga Kumasi zuwa ƙasar Hausa a ƙasa. An ce tafiya mabuɗin ilimi. Ni dai ilimin ban gan shi ba, kaushi da faso na gani.

Da jirgin ƙasa ya iso nan Kumasi, goro ya koma bin teku, fatauci ya mutu a hannun masu jakuna. Sai ga Turawa suna neman mutane su sare daji, su daɓe hanyar mota zuwa arewa. Maigida ya san kowane rafi a wannan hanya, aka ba shi shugabancin wasu lebura. Sandar ma ta sami aiki. Da ita yake auna wa kowa rabonsa na yini, da ita kuma yake sokin marmarar da aka daɓe. In ƙarfen ya nutse, a sake.

Ni kuwa ina zango ina dama koko, ina suyar ƙosai, ina jira. Jira ya fi dakan sakwara cin ƙarfi. Kowace mota ta shigo gari sai kunnena ya tashi, in ta wuce in koma bakin murhu da jiki a mace.

Fatake suna da wata al'ada. In mutum ya rasu a hanya, abokan tafiyarsa ba sa faɗa da baki. Sandarsa suke kawowa, su jingine ta a ƙofar zaure, kai ƙasa, ƙarfe sama, su zauna. Gida ya gane.

Wata rana da hantsi, farkon damina, na dawo daga ɗiban ruwa na tarar da sandar maigida a ƙofar zaurenmu, kai ƙasa. Ba kowa a zaune, amma wa ya tsaya lura da wannan? Na sauke tulu a hankali don kada ya fashe, na aika a kira wan maigida. Yaya ya zo, ya juya sandar, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai haƙuri." Ruwa ya riga ya yanke hanya, motoci sun daina zuwa, ba wanda za a tambaya. Aka yi sadaka, na shiga takaba.

Na yi kuka, Allah ya sani. Amma zan faɗi abin da ban ji wata ta taɓa faɗa ba: a cikin takabar nan na fara barci mai nauyi. Mota takan yi ƙugi a waje, ko motsi ba na yi. Ba ni da wanda nake jira.

Na fita takaba ba da daɗewa ba, rannan ina kwashe ƙosai sai na ji sallama da muryar da na sani. Ga shi tsaye, ya rame, jar ƙasa har cikin gemu, yana dogara wani reshe. Matan gida suka watse da salati. Ni matsami ne a hannuna, na kasa ajiyewa.

"Ke kuma lafiya kike kallona haka?" in ji shi. "Maƙerin ya gyara mini sandar?"

Ashe zoben ne ya yi lako-lako saboda yawan sokin marmara. Ya ba wani direba, yaron Asante, ya kawo a kai maƙera. Yaron ya yi ta "agoo", sallamarsu, a ƙofa ba amsa, ga shi an gargaɗe shi kada ya shiga gidan matan aure. Sai ya jingine ta ƙarfe sama don kada zoben ya zame, ya tafi abinsa. Kirki ya yi, a saninsa.

Mazan zango suka yi ta dariya, suna kiran maigida mai rai biyu. Yaya har da hawaye. Ni ma na yi murna, amma a ƙarƙashin murnar na ji tsohon nauyin ya dawo ya zauna a inda ya saba.

Na ce masa, "Malam, hanyar nan ba ta da ƙarshe ne?"

"Saura kaɗan," ya ce. Da kaka ya karɓo sandarsa daga maƙera ya koma.

Bayan wasu shekaru sandar ta sake dawowa. Wannan karon dattawa biyu ne suka kawo ta, suka jingine ta kai ƙasa, suka zauna shiru a kan tabarma, yadda ake yi. Na yafa mayafi na tsaya a bayan ƙyaure.

"Baba, ku yi haƙuri," na ce da babbansu. "Sanda ta taɓa yi mini ƙarya. Ku faɗa mini da baki."

Ya ɗago kai, ya faɗa.