Irin Masakwar da Na Ɗauko a Bogo

Litinin: Garwa zuwa Bogo

Ƙarfe biyar saura kwata, ana kiran assalatu, Buba direba ya tsaya a ƙofar gidanmu a unguwar Rumde Ajiya. Bayan farin bara, cibiyar binciken noma da nake wa aiki ta haɗa kai da takwarorinta na Cadi da Najeriya, aka shirya a gwada iri ɗaya na masakwa, dawar nan da ake dasawa a laka bayan damina, a ƙasashen uku. An ji labarin wani tsoho a Bogo, Bappa Hamadu, wanda gonarsa ta yi amfani a shekarar da ta kowa ta ƙone. Ni aka tura in ɗauko irinsa kafin wakilan Cadi da Najeriya da suka zo taro Garwa su watse ranar Alhamis. Iyakar Najeriya a rufe take a lokacin, wakilinsu Dakta Bala na Yola kuwa da takardar izini ya shigo, shiga ɗaya fita ɗaya.

Mun iso Figil, kilomita casa'in da 'yan kai, ƙarfe bakwai. A shingen hanya jandarma ya juya takardar aikina gaba da baya.

"Har Bogo don dawa? Ta ƙare ne a kasuwar Garwa?"

"Ta gwamnati ce, shef," in ji Buba.

Ya ɗaga mana sanda. A Marwa muka sha shayi da burodi, sefa ɗari da hamsin kowa, muka kama hanyar ƙasa. Sha biyu da rabi muna Bogo, muka sauka gidan Alhaji Sale mai goro, abokin mahaifina, wanda kakansa ya zo daga Kano.

Bappa Hamadu ba ya gari, ya tafi ta'aziyya. Ƙaninsa ya kai ni masussuka, ya nuna mini tulin zangarniya, ya ce in ɗebi son raina. Na yi yadda aka koya mini a makaranta: na tsinci manya, farare, masu cikar ƙwaya, guda sittin. Na zuba a buhu uku, kowace ƙasa ɗaya, na rubuta sunan tsohon da na garin a jikin kowanne. Ban ɓoye ba, na ji daɗin kaina ranar.

Talata: Bogo

Buba ya juya da buhunan tun da safe, domin ana bukatar motar wajen baƙi. Ni na tsaya ɗibar samfurin ƙasa. Laka ce baƙa, ta dare har hannu na shiga. Da rana matar Alhaji ta aiko da tuwon masakwa da miyar kuɓewa busasshiya, na ci har na ji kunya.

Laraba: Bogo zuwa Marwa

Da hantsi tsohon ya dawo. Gajere ne, ba ya son dogon zance. Muka gaisa da Fulatanci, na yi masa godiya, na nuna masa zangarniya ɗaya da na rage don kaina. Ya karɓa, ya murza ƙwayar.

"Wannan ka ɗauka, ɗana?"

"Ita ce, Bappa. Manya na zaɓa."

"Wannan ta kwari ce, inda ruwa ke kwanciya. Bara ko kara ba ta yi ba."

Ya shiga rumbu ya fito da dami ɗan ƙarami. Zangarniyar ƙanana ce, ja-ja, wuyanta a lanƙwashe, irin wadda na riƙa turewa gefe da ƙafa shekaranjiya. Ita yake dasawa a tudu, ita ta ciyar da gidansa. A masussuka ake haɗa su wuri guda, don tuwo bai san bambanci ba, amma iri daban yake ware shi tun a gona.

Na gaya masa buhunan sun riga sun tafi.

"Da sunan wa?"

"Da naka, Bappa."

Ya jawo damin gabansa. Can ya ce, "To in ta mutu a ƙasar mutane, cewa za a yi Hamadu na Bogo maƙaryaci ne." Ya kwance damin, ya ƙirga talatin ya ba ni, kusan rabin abin da ya ajiye. Na ciro kuɗi, ya ce iri ba a sayar da shi, ni dai in yi sauri.

Saurin bai samu ba. Motar farko da ta fita Bogo ta ɗauki buhunan albasa da mu bakwai a kai, ƙarfe uku, sefa ɗari biyar. Taya ta fashe sau biyu. Mun shiga Marwa bayan magariba, motocin Garwa sun tashi. Wayar ofishinmu kuwa ta yi wata biyu a mace. Na kwana a ɗakin baƙi kusa da tasha, sefa dubu ɗaya, damin a ƙarƙashin kaina.

Alhamis: Marwa zuwa Garwa

Mun tashi biyar da rabi. Na ce wa direba ya taka, ya ce, "Malam, in jirgi kake so, ka san hanyar filin."

Takwas da kwata muna Figil. A layin motocin da ke fuskantar arewa na hango farar mota mai lambar Cadi. Na dira tun kafin tamu ta tsaya. Madam Hawa ce a ciki, wakiliyarsu, buhunta ɗaya a bayan kujera. Na yi mata bayani a tsaye, rabi Faransanci rabi Hausa. Ta dubi ƙananan zangarniyar, ta dubi manyan.

"Ni ma da manyan zan ɗauka," in ji ta. Ta zazzage buhun a gefen titi, ta zuba goma daga nawa. Takardar fitar da irin ba ta faɗi launi ba, sunan gari kawai da na manomi. Wata mai sayar da gyaɗa ta kwashe fararen a zaninta.

"Dakta Bala fa?"

"Tare muka karya. Ya ce shida da rabi zai kama hanya."

Sha ɗaya saura muka shiga Garwa. Ban biya gida ba, na ɗauki ɗan mashin zuwa ofis. Mai gadi ya tabbatar mini Dakta ya tafi tun da sassafe, yanzu ya daɗe da ƙetarewa. Shugabanmu ya saurare ni bai katse ni ba, sannan ya ce a rubuta wasiƙa. Iri dai ba zai bi ta ba, don babu wata takardar izinin ƙetarewa, kuma ba wanda ya san ranar buɗe iyaka. Na rubuta a take, na faɗi cewa kuskuren nawa ne ba na tsohon ba, na sa hannu. Ko za ta isa Yola kafin a zuba iri, Allah masani.

Na isa gida da la'asar, na tarar da kowa lafiya, alhamdu lillahi. Ina gode wa Buba, da Alhaji Sale da iyalinsa da suka riƙe ni kwana biyu, da Madam Hawa da ba ta yi mini dariya ba. Bappa Hamadu kuwa ban san da bakin da zan gode masa ba. Ya ba ni rabin irinsa, ni kuma na aika buhu guda hayin iyaka da dawar da ba ta jure fari, sunansa a jiki, da rubutun hannuna.