Wankan da Mma Ta Ƙwace

Tun kafin in fara aikin girki a gidan tsofaffi na unguwar Choggu, abu ɗaya ke damuna: 'yata mai wata biyu, da zan riƙa zuwa da ita a goye. Matan gidanmu a Aboabo sun ja mini kunne, kada in bar wata tsohuwa ta taɓa ta.

A gidan ba a barin tsoho ya ɗauki ko tsintsiya. Mai kula da wurin ta ce girmamawa ce, sun yi nasu, yanzu sai hutu. A kunna musu talabijin, a ajiye ludo, ba mai kallo. Akwai wata da ke zama bakin madafa, Mma muke ce mata. Ban taɓa jin muryarta ba. Tuwonta yadda na kai haka yake dawowa, koko kawai take kurɓa. Awarwaronta har ya fara zamewa zuwa gwiwar hannu.

Wata safiya yarinyar ta ɓata jikinta. Na zuba ruwan ɗumi a baho, ina shafa ta a hankali.

"Ke! Haka uwarki ta wanke ki?"

Na waiga. Mma ce! Kafin in buɗe baki ta miƙe ƙafafu, ta karɓe yarinyar, ta kwantar da ita a kan ƙwaurinta. Ta lanƙwasa hannuwanta ta baya, ta ja ƙafafun, ta gasa kan da tsumma. Sai ta cilla ta sama ta cafe. Innalillahi! Na zabura.

"Mma, za ki kashe mini ita!"

"Rufe mini baki, kawo man kaɗe. Rabin mutanen unguwar Gumani ni na wanke su, har da masu gemu."

Yarinyar ta yi barci har azahar. Ranar Mma ta cinye tuwonta, ta ce daddawa ta yi kaɗan. Mai kula da wurin ta tsaya baki buɗe. Daga nan kullum sai na ɗora ruwa, Mma ta yi mata wanka.

Yanzu 'yata ta fara rarrafe, ba ta kwanciya a ƙwauri. Tun makon jiya kwanon Mma ya koma dawowa cike.

Don Allah, in kina da jariri a garin nan, ki kawo shi da safe Mma ta yi masa wanka. Ruwan zafi da man kaɗe ni zan tanada.