Ƙarfen da Baba Ma'azu ya manta bai cire ba

A shekarun da motocin Kwatano ke kwararowa ta iyakar Benin, babu wadda ke fara ɗaukar fasinja a Bagudo sai ta biya ta rumfar Baba Ma'azu mai gyaran lagireto. Rumfar tana bakin tasha, kwano huɗu ne a kan itace, sai rabin duro cike da ruwa da murhun da yake narka darma. Ni sunana Zayyanu, direba ne, na fi shekara ashirin ina jigila tsakanin Bagudo da Tsamiya. Abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi ba.

Baba mutumin ƙauyen Geza ne, gajere, mai kaurin hannu, ba ya son dogon zance. Yana saurayi ya tsallaka Benin ya koyo sana'ar wurin wani mutumin Dandi, ya dawo da kuka ɗaya a bakinsa, wai mu direbobi ba mu da tausayi. Gaskiyarsa kuwa. Mu ne masu ɗibar ruwan gulbi da laka mu ɗura wa mota, in lagireto ya fara yoyo mu zuba masa gari ko sabulu mu ci gaba da tafiya. In aka kawo masa irin wannan, sai ya kwance shi, ya toshe bakunan, ya nutsa shi a duro ya hura, inda kumfa ta taso nan ne ramin. Sannan ya bi 'yan bututun ɗaya bayan ɗaya da siririn ƙarfe yana zaro dattin, yana faɗa ƙasa-ƙasa. Ban taɓa mayar masa da aiki ba.

Amma ba wannan ne ya yi masa suna ba. Akwai wani ɗan ƙarfe da bai fi lemun tsami girma ba, a bakin tiyon da ya haɗa inji da lagireto, makanikai suna ce masa tamostat. Shi ke tare ruwa har sai inji ya ɗauki zafi. Duk motar da ta tsallako, aikin farko da Baba ke yi mata shi ne ya zare shi ya yar.

"Wanga abu na ƙasar ƙanƙara na," haka yake cewa. "Mu nan rana ta ishe mu."

Wa zai yi musu? Da an cire shi, allurar zafi sai ta kwanta ƙasa ta yi shiru, ko ka yi lodin buhu goma sha biyu a tsakiyar bazara. Mu kuwa ba abin da ke kwantar mana da hankali kamar kwantacciyar allura. Duk makanikin da ke tashar nan, ko yaronsa ne ko yaron yaronsa, kuma kowa da wannan karatun ya fita. In gardama ta tashi, da an ce haka Ma'azu ke yi, magana ta ƙare.

Wata shekara ni da abokina Haliru muka sayo motoci iri ɗaya, rana ɗaya, har launinsu ɗaya, 'yan tasha suna kiransu Hassana da Usaina. Baba ya gama da tawa, ya wanke lagireton ta Haliru, yana cikin ɗaurawa aka aiko daga gida cewa matarsa Batulu tana kan gwiwa. Ya ƙarasa ɗaure tiyo ya hau keke. Haliru ya ɗauka an gama komai, ya ja abarsa.

Haliru mutum ne da bai san akwai allura a mota ba, in dai tana tafiya to lafiya. Ni ne mai lura, mai goge-goge, mai sauya baƙin mai a kan lokaci. Amma tawa ce ta zama mashayiya. Tafiyar da zai yi da galan uku ni sai na ƙona huɗu. Kafin shekara biyar ta fara hayaƙi, aka sauke injin sau biyu, a ƙarshe na sayar da ita ga masu yankan ƙarfe, na koma tuƙa motar wani. Na zargi masu sayar da mai a jarka, na zargi hanya, har bakin mutane na zarga.

Sai da motar Haliru ta shekara tara sannan tiyonta ya fashe, ya turo ta rumfar Baba. Ina zaune a wurin. Baba ya kwance tiyon, ya sa yatsa, sai na ga ya tsaya. Ya zaro ɗan ƙarfen nan, ya yi tsatsa amma yana nan daram. Ya buɗe murfin inji ya leƙa, ciki fes. Shi kuwa ya ga cikin tawa lokacin da aka sauke ta, baƙin mai ya daskare kamar kwalta. Ya sa ƙarfen a aljihu, ya ce wa Haliru ya dawo gobe.

Batulu ce ta ba matata labarin abin da ya biyo baya. Da safe ta ɗora ruwan koko, sai ga Baba ya zo da ƙarfen ɗaure da zare ya zura mata a tukunya. Ta ce, "Malam, lahiya? Yau kuma ƙarhe za mu sha?" Bai kula ta ba, ya tsuguna yana kallo. Da ruwa ya kusa tafasa, abin ya buɗe baki da kansa. Ya ɗaga shi ya sha iska, ya rufe. Ya mayar, ya buɗe. Ta ce ya yi haka ya fi sau goma, ranar sai da ta sake wani ruwan.

Abin da ya gane ke nan: ƙarfen ba hana ruwa yake yi ba, jira yake. Inji yana da zafin da yake so, in bai kai ba, mai ba ya ƙonewa duka, ragowar ta gangara ta ɓata baƙin mai, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe a hankali. Allurar da muke murna ta kwanta, injin da bai taɓa nuna ba take nuna mana.

To, a nan ne maganar take. Da ya mayar wa Haliru ƙarfensa ya yi shiru, ba mai sani har abada. Sunansa shi ne jarinsa, ba shi da wani abu bayan wannan sai 'yar gonar shinkafa a Geza. Ni da kaina, da ya nemi shawarata, cewa zan yi ya rufa wa kansa asiri.

Bai nemi shawarar kowa ba. Ni ya fara samu, a gindin bishiyar da muke jiran layi.

"Zayyanu, motarka da tal lalace, ni nik kashe ta. Ka yahe mini."

Na yi dariya, na zaci wasa ne. Da ya yi mini bayani sai dariyar ta tsaya. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, na tuna shekarun da na yi ina tuƙa wa wani. Amma dattijo ne tsaye a gabana, hularsa a hannu. Na ce na yafe, kuma har zuciyata na yafe.

Ranar kasuwa, tasha cike, ya kafa murhu da tukunya a gaban rumfa ya tara direbobi da makanikai. Ya nuna musu ƙarfen yana buɗewa yana rufewa. Ya ce, "Shekara talatin ina hidda wanga abu, kuma kuskure na. Duk wanda nic cire ma, shi kawo in maida mai, ba ni karɓar ko sisi."

Sai Abdulganiyu, babban yaronsa na da, wanda yanzu ke da rumfarsa a tsallaken titi da iyalinsa, ya ce cikin ladabi, "Baba, tukunya daban, mota daban." Aka fashe da dariya, taro ya watse. Kafin la'asar labari ya zaga cewa tsufa ya fara taɓa Ma'azu. Mutum huɗu ne kawai suka kawo aka mayar musu, biyu suka ga allura ta hau tsakiya suka tsorata, suka je aka sake cirewa.

Daga ranar ya ƙi cire wa kowa. Sabuwar mota in ta zo, sai ta wuce rumfarsa ta tsallaka titi. Abin da ya fi ba ni haushi, in ka tambayi Abdulganiyu dalilin cirewa, cewa yake, "Haka maigidana Ma'azu yak koya min, tun shina da ƙarhinai." Da sunan Baba ake kayar da Baba. Aiki ya ja baya, ya zama rabin mako yana gona.

Bara Allah ya hore mini wata 'yar Kwatano. Kai tsaye na kai masa, kowa yana kallo. Ya buɗa, ya duba, ya rufe, ya ce babu aiki a nan, in je in yi lodi. Na kama hanyar Tsamiya, allura ta tashi ta tsaya a tsakiya cak, ba ta ƙara ba, ba ta ragu ba. Na san haka ya kamata, da idona na ga tukunyar. Amma idona ya ƙi barin allurar nan, ina jin kamar yanzu hayaƙi zai tashi. Kwana shida na daure. Sabo turken wawa, ran na bakwai, da na ji an ce Baba ya tafi Geza, na tsallaka titi.

Abdulganiyu ya zare shi ke nan, yana riƙe da shi, sai ga Baba a kan keke, ashe bai tafi ba. Ya tsaya ya dubi hannun Abdulganiyu, ya dube ni. Na rasa inda zan sa fuskata. Na fara kame-kame, ya ɗaga mini hannu.

"Bari, Zayyanu, ba laihinka na ba. Ka ji maganata, amma ta farko ce kaj ji."

Ya ce wa Abdulganiyu ya ƙara matse tiyon ƙasa, bai zauna daidai ba. Sannan ya tura kekensa ya tsallaka zuwa rumfarsa, inda babu mota ko ɗaya.